Belin Ɗan Fari

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a kasuwar Anka ya san Adama mai ƙuli. Ko bai san fuskarta ba ya san muryarta, don in tana ciniki har 'yan babura na bakin titi suna jin yadda aka ƙare. Gajeriya ce kakkaura, tafukan hannunta sun yi kanta saboda matsar tunkuza. Ba ta yi boko ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da kowa a ofis. Abin da ta mallaka a duniya shi ne gida mai zaure da ɗakuna, wanda ta gina da guminta, sai 'ya'ya, sai kuma baki. Bakin nan bai bar kowa ba. Mai awo in ya tauye mudu ya sha, mai mota in ya jefar mata da jarka ya sha, har surukinta ya san ranar da ba a gaishe ta da wasa. Amma akwai abu guda da wannan bakin bai taɓa furtawa ba tun tana yarinya har furfura ta cika mata kai: sunan ɗanta na fari.

A Nasarawa Burkullu aka haife ta. Ubanta manomi ne, uwarta Bafullatana, kuma a nonon uwar ta sha kunya. Ta auri Makau, mai gyaran keke da babur a Anka. Da cikin fari ya tsufa aka mai da ita gida, ta haifi namiji, aka raɗa masa Arzika. To kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kallonsa gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta kiran sunansa. In ya yi kuka sai wata ta ɗauko ta miƙo mata, ita kuma ta kau da kai ta ba shi nono kamar an tilasta ta. Da aka yaye shi, kakarsa ta wajen uba ta zo ta goya abinta ta tafi da shi ƙauyensu, can bayan Gwashi a ƙasar Bukkuyum. Adama ba ta zubar da hawaye ba. A gaban mutane dai.

Can yaron ya girma. Kakar yake kira Inna. Adama kuwa Adda yake ce mata, yadda ya ji ƙannenta suna kiranta. Ita kuma in dole ta kama ta yi zancensa sai ta ce "wancan na Gwashi". Ta haifi wasu bayansa, ta goya su, ta zage su, ta kira sunayensu tun daga tsakar gida har bakin titi. Shi dai wancan ne.

Sai dai yaron ya taso da ciwon fuka. In sanyi ya shigo ƙirjinsa sai ya riƙa kuka kamar tsohon zuga-zugi. Shekara da shekaru, duk wanda zai bi ta Gwashi sai Adama ta tsare shi da kwalbar zuma da ɗan man shanu, ta ce, "Ku kai ma tsohuwa, ko tana da mai tari a gida." Tsohuwa ta rasu, aiken bai fasa ba. Kowa ya san mai tarin, ba wanda ya taɓa faɗa.

Arzika ya zama magidanci mai sanyin hali, yana noma, yana da mata guda, Lubna, da yara. Da aka gina wa ƙauyensu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, tanki a sama, allunan sola a gefe, mutanen gari suka ɗora masa kula da ita. Ba albashi, ba na gode. Shi ke goge allunan, shi ke buɗe famfo da safe ya rufe da yamma, shi ke raba faɗan mata da makiyaya a bakin ruwa.

Ana tsakiyar damina ɓarayin daji suka aiko wa ƙauyen cewa suna nan tafe. Gari ya watse. Mai gari ma shi ya fara kama hanya. Arzika ya san abin da ya faru da ƙauyen da ke gabansu: abin da ɓarayin suka fara kwancewa allunan sola ne. A ƙauye kuwa haka aka saba, in tashin hankali ya zo, wanda aka ba amanar abin gari shi ke ɗauka ya adana har ƙura ta lafa, ko tukunyar masallaci ce. Sai ya kwance allunan, ya jera su a amalanken shanu, ya shimfiɗa katifa da buhunan hatsi a kai don kada su fashe, ya ɗora iyalinsa, ya nufi Nasarawa Burkullu wurin dangin uwarsa. Bai gaya wa kowa ba, don babu kowan da za a gaya wa.

A wani shingen bincike aka ɗaga katifar. Kayan gwamnati a ƙarƙashin katifa, me kuma ake jira? Aka sauke shi, aka ɗaure. Waɗanda suka kori gari guda daga gidajensu suna can daji suna gasa naman shanun mutane, ba wanda ya je ya ɗaga musu katifa. Mai fuka da amalanke shi ne ɓarawon da aka samu.

Adama na gaban kasko tana suya Lubna ta shigo da yara, ƙafafu duk laka.

"Lahiya? Mi anka yi?"

"Sun kama shi, Inna."

"Wa sunka kama?"

Lubna ta sunkuyar da kai. "Baban su Musa."

Ka ji fa. Mata biyu, ɗaya ta haife shi, ɗaya tana aurensa, babu mai iya faɗin sunansa. Adama ta ce, "Allah shi kyauta," ta ci gaba da juya ƙuli kamar an ce mata akuya ta shiga gonar wani. Amma ranar nan ƙulin Adama ya ƙone ƙurmus, abin da maƙwabta ba su taɓa jin ƙaurinsa daga gidanta ba.

Ranar da aka kai shi kotu ta rufe sana'arta ta bi Lubna. Alƙali ya saurara, ya ce ya ba da beli, amma da sharaɗi: a samu mutum guda, ɗan uwansa na jini, mai gidan kansa, ya tsaya cewa duk ranar da aka nemi Arzika zai kawo shi. Ya ce mai tsayawa ya je wurin magatakarda. Adama ta ji daɗi a ranta. Jini dai ga shi, gida ga shi. Jaririn Lubna na ta tsala kuka aka hana ta shiga, sai Adama ta shiga ita kaɗai.

Ofishin cike yake da maza, har da wasu dattawan Nasarawa Burkullu da suka san ubanta. Magatakarda bai ko ɗago ba.

"Baba, wa kika zo karɓa?"

"Wancan na Gwashi."

"Kowa a nan na wani wuri ne. Sunansa?"

Ta ji idon dattawan nan a bayan wuyanta.

"Mai solan nan," in ji ta.

"To, mai sola. Me kike gare shi?"

Matar da ke tsayar da kasuwa da muryarta sai ga ta ta ja mayafi ta rufe baki. "Ɗan mutanenmu na. Na dai san shi."

"Sani? Ni ma ai na san shi, tun safe nake ganinsa. Jini aka ce. Shi ya ce ubansa ya rasu, Innarsa ta rasu. Ki je ki turo wani nasa. Na gaba!"

Haka ta fito. Motar gidan yari na tashi ta juya mata baya, don ko a nan ba za ta tsaya tana leƙen ɗan fari ba. Amma kunne ba shi da mayafi. Ta ji tarin daga cikin motar, ta kuma san na wane ne.

Ba ta gaya wa kowa abin da ya faru a ofishin ba. Ta ce a ranta ai akwai maza a dangi, wannan aikinsu ne. Ta fara da Gummi, wurin Halliru, ƙanen mijinta, mai sayar da hatsi, mai gida har da bene. Ya karɓe ta da fara'a, aka kawo fura, ya yi ta salati yana girgiza kai. Da ta zo kan magana sai fuskarsa ta canza.

"Adama, wagga magana ta gwamnati ta. In yaron nan ya gudu, gidana za su ci."

"Ina za shi gudu da wanga ƙirji nai?"

"Yo ƙauyensu duka ba gudu sunka yi ba?"

"Halliru, ɗan wanka na hwa. Ranar sunanai kai ka cinye kan ragon, ina kallo ta labule."

"Muna addu'a, Adama. Wallahi muna addu'a."

"Addu'a ina da ita gida, ba ita ta kawo ni Gummi ba."

Ta ture kwanon furar ta tashi. Daga nan ta bi ta Bukkuyum ta gangara Nasarawa Burkullu a bayan babur, hanya duk kwazazzabai, ƙugunta kamar zai rabu biyu. Ƙanenta ɗaya ya ce a bari ya gama yankan gero. Ɗayan ya ce shi tun da yake bai taɓa taka ƙofar kotu ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Junaidu, ƙanen Arzika, shi kam ya bar ramin zinariya ya taho a guje, ya ce ko wuyansa ne a karɓa, amma ba shi da ko ɗaki, a bukka yake kwana wurin haƙa. Mai zuciya ba gida, masu gida ba zuciya. Waɗannan su ne mazan da in ana rabon gado tun ba a gama sallame sallar gawa ba suke jeruwa a zaure.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Gero ya shiga rumbu, iska ta fara sanyi da asuba.

'Yarta Naja'atu, wadda ta gama sakandare take aure nan cikin Anka, ita ta je gidan yari dubo shi. Adama ta raka ta har bakin ƙofa, ta zauna a gindin wata bishiya wai ƙafarta na ciwo. Da Naja'atu ta fito idanunta sun yi ja.

"Inna, ba shi iya kwanciya. Zaune shika kwana, ya jingina da bango. Ɗakin ko wurin miƙe ƙahwa babu. Leɓenai duk ya yi hwari."

Adama ta kalli wani wuri. "Ya ci abincin?"

"Ya ci kaɗan. Ya ce a ce ma Adda kada ta wahal da kanta." Naja'atu ta tsuguna gabanta. "Kuma wani ma'aikaci ya ce mani zaman kotu guda ya rage kahin alƙali shi tahi hutu. In ba a hid da shi ba ranar, can sanyi za shi iske shi. Inna, ni dai hwaɗa mani gaskiya. Ranar nan da kinka shiga ohis, mi kinka ce masu?"

Da ƙyar Adama ta faɗa mata. Naja'atu ta dafe kai da hannu biyu.

"Kin san shi! Inna, kin san shi kinka ce? Ke da kinka haihe shi?"

"Ke, rage murya. Dattawan garinmu na wurin."

"Dattawan garinku su za su yi mai numhwashi?"

"Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayanmu ba. Ni a kaina za a hwara?"

"Yayanku an taɓa kulle shi?"

Adama ta tashi ta karkaɗe zanenta. A mota har suka iso Anka ba ta ce uffan ba, abin da ya sa direban da ya san ta ya yi ta waiwaye yana tambaya ko Baba ba lafiya.

Ba zagin kunya ake ba. Kunya ado ce, kuma wadda ba ta da ita ba a son zama kusa da ita. Amma adon da zai shaƙe wuyan ɗanka, ai cire shi ake a ajiye ko na yini ɗaya ne. Adama da kanta ta kai ga wannan, ba wanda ya yi mata wa'azi. Da safe ta kira Naja'atu ta ce ta nemo mata takardar gidan a ƙasan akwati, ita za ta tsaya.

Sai dai yanke shawara daban, harshe daban. Tana matsar mai ita kaɗai a madafa sai ta gwada. Ta buɗe baki, ta ce "Ar…" sai abin ya tsaya mata a maƙogwaro kamar ƙashin kifi. Ta tofar da yawu, ta sake. Naja'atu ta taɓa kama ta tana yi, ta fashe da dariya.

"Inna, ƙarasa mana. Saura kaɗan."

"Tashi ki ba ni wuri, marar kunya. Ku 'yan boko ko sunan mazanku kira kuke kamar na kare."

"To in kin kasa a madahi, gaban alƙali hwa?"

"Ranar ta zo tukuna."

Ranar ta zo. Suka yi sammako, Adama ta sa zanenta na zuwa biki, ta ƙulle takardar gida a leda ta soke a ƙugu. Suka fara zuwa wurin magatakarda. Ya gane ta.

"Baba mai sani, kin dawo? Ina namijin?"

"Ni za ni tsaya."

Ya yi dariya. "Ko da ke kika haife shi, mace ba ta karɓar beli."

Naja'atu ta ce, "Malam, ni na ji lauya a rediyo ya ce doka ba ta hana ba."

"To ki je rediyon ya ba ki shi. Mu nan haka muka tarar."

Haka muka tarar! Mace ta ɗauki mutum wata tara, ta haife shi, ta yi jego, ta yi takaba, ta ciyar da gida, ta gina gidan da hannunta, duk wannan ta iya. Amma ta dangwala yatsa a takarda cewa za ta kawo ɗanta kotu, wannan ya fi ƙarfinta, sai an nemo mai gemu, ko da gemun Halliru ne. Naja'atu ta fara ɗaga murya, Adama ta kama hannunta.

"Bar shi. Ba wurinai munka zo ba. Mu shiga ciki."

Ta wuce har bencin gaba ta zauna, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Kotu ta cika. Dattawan Nasarawa Burkullu na nan, sun zo tasu shari'ar gona da ba ta ƙarewa. Aka yi ta kiran ƙararraki har rana ta ɗaga. Can sai mai kira ya ɗaga murya: "Arzika Makau!" Haka kawai, kamar mai kiran akuya. Aka shigo da shi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka da kowane numfashi. Wannan karon Adama ta dube shi. Tun yana cikin zanen goyo rabonta da yi masa irin wannan kallon da rana tsaka.

Alƙali ya duba takardunsa ya ce, "Wannan ai na ba da belinsa. Me yake yi a tsare har yanzu?"

Mai gabatar da ƙara ya miƙe. "Ranka ya daɗe, babu wanda ya zo ya tsaya masa."

"Ƙarya ta!"

Adama na tsaye. Ɗan sanda ya taso yana cewa Baba zauna, ba a haka a nan. Alƙali ya ɗaga masa hannu.

"Baba, wa ya yi ƙarya?"

"Ranka shi daɗe, ga ni. Na zo, na sake zowa. An ce mace ba ta beli."

Magatakarda ya matso ya yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji. Ya ce matar nan ta zo tun farko, da bakinta ta ce sani kawai ta yi masa, ga shi kuma mace ce.

"Maganar mace ajiye ta, ba ta cikin doka," in ji alƙali. "Amma ɗayar magana ce." Ya juya wurin Arzika. "Kai, wace ce wannan?"

Arzika ya dubi ƙasa. "Adda ta, ranka shi daɗe."

"Yayarka ce ke nan?"

Arzika ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ina mahaifiyarka?"

Arzika ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi, da ya lafa ya sake dubar ƙasa. Ɗan da aka yi wa tarbiyya ba zai nuna ta da yatsa gaban jama'a ya ce ga ta ba. Wani daga baya ya yi dariya, wasu suka taya shi. Alƙali ya cire tabarau ya dube su su biyu, ita ta kalli gabas, shi ya kalli ƙasa. Da alama ya gane, don shi ma wata ce ta haife shi.

"Baba," ya ce a hankali, "na ga abin da ke nan. Amma kotu ba ta rubuta kunya. Abin da aka faɗa take rubutawa. A rubuce yake cewa sani kika yi masa, kuma ba zan ba da mutum a hannun mai sani ba. Ki faɗa da bakinki: wa kika zo karɓa, kuma me kike gare shi? In ba za ki iya ba, zan ɗaga zaman sai na dawo hutu."

Adama ta tuna uwarta. Ta ji dattawan nan sun daina motsi a bayanta. Hannunta ya kama gefen mayafi zai kai baki kamar yadda ya saba. Sai Arzika ya ja numfashi, ƙirjin ya yi wannan kukan da ta sani tun yana ɗan yaye, kukan da ta shekara arba'in tana aika wa zuma daga nesa.

Ta saki mayafin. Da muryar kasuwa ta yi magana.

"Arzika na. Arzika ɗan Makau. Ɗana na, ɗan hwarina. Ni na haihe shi, ranar wata Laraba ana ruwa, a ɗakin uwata a Nasarawa Burkullu. Ga dattawan garinmu nan zaune, in ƙarya nike su hwaɗa!"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Gaskiya ta," yana share ido da hannun riga.

To bakin da ya buɗe kuma wa zai rufe shi? "Arzika bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Allunan ga da kuke magana, shi ka goge su da rigarshi. Ku je ku duba ko guda ta ɓace! Waɗanda sunka kore su kun kamo ko ɗaya? Ga takardar gidana nan. In Arzika ya gudu ku ci gidan, ku haɗa da kaskon suyata, ku haɗa da ni…"

"Baba, ya isa," in ji alƙali, yana danne murmushi. "Ba yau ake shari'ar ba. Magatakarda, karɓi takardarta, a gama yanzu ina zaune."

Arzika kuwa ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza, wannan karon ba fuka ba ce. Sau huɗu ya ji sunansa a bakin da bai taɓa jin sa ba.

Magatakarda ya miƙo tawada ba tare da ya dube ta ba. Ta dangwala yatsa da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa.

Da la'asar aka sako shi. Ya fito yana takawa a hankali, Lubna da yara suka kewaye shi. Ya zo gaban Adama ya tsuguna har ƙasa.

"Adda…" ya ce.

Adama ta gyara mayafi, ta juya ta kalli masu sayar da rake a tsallaken titi.

"Naja'atu, ce ma wancan shi tashi shi shiga mota, yamma na yi. Kuma akwai zuma nan cikin jaka, ko da mai tari."

Shari'ar ba ta ƙare ba har yau. Allunan na can jingine a ɗakin ajiyar kayan shaida, mutanen ƙauyen da suka koma suna shan ruwan tafki tare da shanu. Arzika na zaune a zauren gidan Adama da iyalinsa, ƙirjin ya yi sauƙi. Duk ranar zama ita ke fara shiryawa, ta sa shi gaba har ƙofar kotu, don ta yi alkawari kuma ba a taɓa jin ta saɓa ba. Halliru ya zo daga Gummi yi musu barka, ta ba shi fura a kwanon da ya fi kowane tsufa a gidan.

Labari kuwa ya riga ta isa kasuwa. Har yanzu in matan layin man gyaɗa suna son tsokanarta sai wata ta leƙo ta ce, "Adama, wai mi sunan ɗan nan naki na Gwashi? Na mance."

Ita kuma ko ɗagowa ba ta yi daga awon da take. "Na hwaɗa inda ya kamata, an rubuta. Mai son ji ta tahi kotu."